Maganin kyanwa ko kare: oda ta waya ko zuwa wajen likitan dabbobi?

Oda ta intanet akwai sauƙi, ba musu, kana zaune a gida Katsina ka tura kuɗi a sako maka kaya a mota daga Kano ko Legas, wani lokacin har ya fi araha. Ga wanda likita ya riga ya duba dabbarsa ya rubuta masa magani, kuma ƙwaya ce ko maganin ƙuma da kaska, to ba laifi, in ya iso dai ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

Amma allurar rigakafin haukan kare fa? Wannan sanyi take so, digiri 2 zuwa 8, ka ɗauka ta kwana a but ɗin mota cikin zafin watan Afrilu, ƙarfinta na iya raguwa, ka tsira wa karenka kana ganin ka yi rigakafi, ga yara na wasa da shi.

Shi likita zai ɗora dabbar a sikeli ya auna magani daidai nauyinta, mai sayarwa a WhatsApp kuwa bai taɓa ganinta ba. Kyanwa ma paracetamol kaɗai kashe ta yake. Ni dai allura da duk wani sabon ciwo asibitin dabbobi nake kaiwa, ko da kuɗin Keke Napep ya ƙaru.