Hot Fuzz: dattawan ƙauyen nan sun tayar mini da hankali

Wanda bai kalli Hot Fuzz ba kuma yana da niyya, ya dakata a nan, don zan tona asirin labarin.

Fim ne na Ingila da ya fito a 2007, Edgar Wright ya ba da umarni. Simon Pegg ne Nicholas Angel, ɗan sandan Landan da ƙwazonsa ya fara kunyata abokan aikinsa, sai manya suka ba shi saje suka jefa shi Sandford, ƙauyen da babban aikin 'yan sanda a cikinsa shi ne bin wani farin tsuntsun ruwa da ya tsere.

Can sai mutane suka fara mutuwa, kowa na cewa tsautsayi ne. Angel ya zauna ya ƙulla zaren tsaf: cinikin fili, sabuwar hanya da za a yi, da Skinner mai babban kanti, wanda Timothy Dalton ya taka da wani murmushi na rashin gaskiya. Wallahi bayanin ya shige ni, har na ɗauka an gama.

Ashe ba a fara ba. Cikin dare Angel ya tarar da ƙungiyar sa-ido ta gari zagaye da tebur, cikin baƙaƙen alkyabbu. Ga malamin coci, ga likita, ga tsohuwa mai otal. Babu maganar fili ko kuɗi. Sun kashe lauya don bai iya wasan kwaikwayo ba, budurwarsa don dariyarta na ba su haushi, attajiri don gidansa ya ɓata kyan gari, ɗan jarida don yawan kuskuren rubutu. Mai sayar da furanni kuwa laifinta za ta ƙaura da gwanintarta. Duk don kada kambun ƙauyen da ya fi kowanne ya kuɓuce musu. Na yi dariya har da hawaye, amma tsigar jikina ta tashi, domin sun zayyana dalilan ne cikin natsuwa, da yaƙinin cewa alheri suke yi wa jama'a. Shugabansu kuma Sufeto Frank Butterman ne, mahaifin Danny, aminin Angel.

Lokacin da Danny ya caka wa Angel wuƙa, numfashina ya tsaya. Littafin aljihu ya soka, jinin kuma miyar tumatir ce.

Inda ban ji daɗi ba: jini ya yi yawa, musamman wurin da dutse ya faɗo daga saman coci. Kada a kalla da yara. Harbe-harben ƙarshe ma an ja su. Turancin wasu ƙauyawan kuma sai da rubutu a ƙasa.

Amma ku maimaita shi, ku saurari barkwancin Skinner da kyau. Tun haɗuwarsu ta farko da Angel yake faɗin abin da suke aikatawa.