Murhun Gashi Mai Murfi: Ra'ayina Bayan Ya Sha Aiki a Hannuna

Duk wanda ya tambaye ni abin da ya kamata ya fara saya in yana son gashi a ƙasar da ba tasa ba, amsa ɗaya nake ba shi: murhun gawayi mai murfi, zagayayyen nan mai ƙafa uku da taya biyu. Nawa mai faɗin santimita 57 ne. Akwai na 47, akwai kuma ɗan ƙarami na ɗorawa a tebur, amma in dai kana sa ran baƙi, to babban za ka nema.

Ƙirar ba ta jiya ba ce. Wani mutum mai suna George Stephen ne ya fito da ita a 1952, lokacin yana aiki a masana'antar ƙarfe ta Weber Brothers da ke Shikago a Amurka. Masana'antar na ƙera manyan ƙwallayen ƙarfe da ake sakewa a kan ruwa don nuna wa jirage hanya. Sai ya raba ɗaya gida biyu, ya mayar da rabi kwanon wuta, ya yi masa murfi, ya huda ƙofofin iska, ya kafa masa ƙafafu. Daga nan sunan Weber ya bi duniya. Nawa dai ba nasu ba ne, na wani ƙaramin kamfani ne da ya kwaikwayi ƙirar, don haka yabo da kushe da za su biyo baya na wanda ke hannuna ne.

Abin da ya sa nake son sa shi ne murfin. Mutane da yawa sun ɗauka ado ne, ko abin kare ruwan sama, alhali shi ne rabin aikin. A buɗaɗɗen murhu kai ne bawan wuta. Mai ya ɗiga, harshen wuta ya tashi, ka yi ta juya nama kana ja da baya saboda hayaƙi, a ƙarshe waje ya ƙone ciki da jini. Da murfi kuwa iska ce a hannunka. Ka buɗe ƙofofin ƙasa da na sama, wuta ta yi ƙarfi. Ka rage su, ta lafa. Ka rufe su gaba ɗaya, garwashi ya mutu da kansa, washegari ka tarar da sauran gawayin da za ka ƙara amfani da shi. A inda buhun gawayi ke cin aljihu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ga yadda nake gasa kaza sukutum. Nakan tara garwashin duka a gefe ɗaya, in bar ɗaya gefen babu komai sai ƙaramin farantin da mai zai ɗiga ciki. Kazar, wadda ta kwana da gishiri da tafarnuwa da citta da ɗan lemon tsami, a gefen da babu wuta nake kwantar da ita, cinyoyin na kallon garwashi tunda su ne suka fi jure zafi. In rufe, in juya murfin yadda ƙofar iskarsa za ta zo daidai kan kazar, domin hayaƙi ya ratsa ta kafin ya fita. In zafin ya tsaya wajen digiri 180 a ma'aunin Celsius, awa ɗaya da 'yan mintuna ta ishe ta. Kana ɗaga murfi sai ka ga fata ta yi ja ta ɗame, mai na tsattsafowa a gindin fiffike, ƙashin cinya ya fara leƙowa. Ba na yarda da ido kaɗai: nakan soka ma'aunin zafi a tsokar da ta fi kauri, sai ya nuna digiri 74 nake saukewa. Sannan in bar ta ta huta kamar minti 10 kafin wuƙa ta taɓa ta, don kada romon ya tsiyaye a kan katako.

Wannan awa ɗayar ita ce ainihin abin da na saya. Ba na tsaye a kan wuta, ina zaune cikin mutane. Wanda ya zauna a ƙasar waje ya san yadda za ka shekara kana gaisawa da maƙwabci a bakin matakala ba ka san ko sunansa ba. Kowa na sauri, kowa ya shige ya ja ƙofa. Amma ƙamshin gashi ba ya neman izinin shiga gidan kowa. Tsohuwar da ke hawan ƙasa ta fara da leƙe ta taga, yanzu ita ke fitowa da kwanon dankalinta. Wasu ɗalibai biyu na zuwa da burodi da lemo. Akwai wanda ba ya cin nama sam, shi na ware masa raga ta daban, ana gasa masa masara da tattasai da albasa. Ɗaya daga cikin ɗaliban ba ya iya haƙuri, da ya ji ƙamshi sai hannunsa ya kai kan murfi. Kullum sai na ce masa, "Haba ƙanena, bar murfin nan, duk buɗewar da ka yi zafi kake sace wa kazar." Sai ya ce, "Yaya, dubawa kawai zan yi." Ya dai koya, yanzu shi ke hana wasu.

Ba ranar taro kaɗai yake aiki ba. Ran hutun mako, in wuta ta riga ta kama, nakan cika ragar da cinyoyi da kifi, uwargida ta rarraba a robobi ta sa a firji. Kwana biyu zuwa uku muna ci da shinkafa ko taliya in an dawo aiki a gajiye.

Sai abubuwan da ba su yi mini ba, kuma suna da ɗan yawa. Ƙafafun nawa ba su da ƙwari, in ka ja shi a kan ciyawa sai ya yi ta rawa, ga garwashi a ciki, dole ka riƙe da hannu biyu. Farantin toka da ke ƙasa buɗaɗɗe ne, iska na kaɗawa toka ta watse ko'ina, har kan shanyar mutane. Wanda zai saya ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai rufaffen bokitin toka. Ma'aunin zafin da ke jikin murfin ma zafin sama yake nunawa, ba na daidai inda nama yake ba, tazarar kuwa takan yi yawa. Ragar ba ta da ɓangaren da ke ɗagawa, saboda haka in za ka ƙara gawayi a tsakiyar aiki sai ka ɗauke ta dungum da naman da ke kai. Kuma babu wurin ajiye faranti ko matsefin juya nama, sai ka jawo kujera. Jikin kwanon dai ban ga laifinsa ba. An lulluɓe shi da tangaran, ya sha ruwa da ƙanƙara bai yi tsatsa ba, sai dai ban taɓa barin jiƙaƙƙiyar toka ta kwana a ciki ba, don ita ke cin ƙarfe.

Abu ɗaya da zan roƙe ka ka haɗa da shi shi ne gwangwanin hura gawayi. Dogon gwangwani ne mai mariƙi da ramuka a ƙasa. Ka cika shi, ka cusa takarda a gindi ka kunna, cikin minti 15 zuwa 20 gawayi ya yi jajir. Ba ruwanka da man kunna wuta, wanda warinsa ke bin nama har baki. Gawayin itace ya fi saurin kamawa da zafi, na kifi da yankakken nama ke nan. Curarren gawayi ya fi daɗewa yana ci a hankali, shi nake sa wa kaza da haƙarƙari.

Maganar da ba na wasa da ita: kada sanyi ko ruwa ya sa ka shigar da shi ɗaki, ko gareji, ko tanti, ko da ka ga kamar ya mutu. Garwashi na fitar da iskar kabon monoksayid, ba ta da wari ba ta da launi, kuma tana kisa cikin barci. Toka ma takan ɓoye wuta har washegari, kada ka yi saurin juye ta a kwandon shara. Sannan ka karanta takardar hayarka tun kafin ka saya, domin gidajen bene da yawa sun hana gawayi a baranda. Mu a filin bayan gida muke yi, da yardar mai kula da ginin, kuma nakan sanar da na sama su rufe tagogi.

Wanda ke zaune shi kaɗai a ɗaki ɗaya, ba fili ba wurin ajiya, wannan murhu zai zame masa kaya, gara ya nemi ɗan ƙaramin da zai riƙa fita da shi waje, ko na lantarki. Mai iyali da ke da ko ɗan tsakar gida ne kuwa, ya saya kansa tsaye, amma ya girgiza ƙafafun a shago ya ji ƙwarinsu kafin ya biya.