Jikka goma sha biyu a cikin tukunya

A Facebook na fara ganinsa: wani ɗan guntun icce, dunƙule kamar ƙwallo, ganyensa sirara kamar allura. Shi ya sa da na tarar da shi watan Disamba a garkar wani dattijo mai sayar da dashe, can hanyar Tanut, ban tsaya dogon ciniki ba. Tukwane uku ne kawai, ya ce daga Kano aka kawo masa. A jikin takardar da aka liƙa an rubuta Pinus mugo 'Mops', wato wani gajeren nau'in iccen da ake kira pin. Jikka goma sha biyar ya sa, muka daidaita a sha biyu.

Gaskiya ɗaya ce, Baba bai cuce ni ba. Yana ɗaura tukunyar a bayan kabu-kabu yana cewa, "Ɗiyata, wannan baƙo ne. Ban taɓa ganin ya yi bazara a Damagaram ba." Na ɗauka irin maganar tsofaffi ce.

Lokacin ɗari kam ya yi kyau. Na aje shi kusa da randa, kowace safiya in wanke masa ƙurar hunturu. Ganyen bibbiyu suke fitowa daga gindi ɗaya, in ka murza sai ƙamshi kamar na ƙaro. Uwar mijina ta zo daga Birni, ta dube shi ta ce, "To, ana miya da shi?" Ba a yi. Ba ya ba da inuwa kuma, don a shekara da ƙyar yake ƙara tsawon ɗan yatsa.

Sai Afrilu ta shigo, zafi ya wuce digiri 40. Asalin iccen nan duwatsun Turai ne, irin su Alpes, inda ƙanƙara ke rufe shi wata da watanni, kuma sanyin nan yana cikin abin da yake buƙata. Ni kuwa na ga tukunyar roba tana ƙuna kamar an sauke ta daga murhu, sai na dinga ɗura masa ruwa safe da yamma. Ruwan ma na ƴan garuwa ne, don famfonmu ya kwana biyu bai ce uffan ba. Ashe saiwarsa ba ta son zama cikin laima, tsakuwa da rairayi take so, ruwa ya wuce ya bar ta. Abin takaicin, irin wannan icce yakan daɗe yana kore bayan saiwar ta mutu. Ranar da na ga ja a ganyen, na zare shi, ƙasan duk ya yi baƙi yana wari.

Na koma wurin Baba da tukunyar. Bai ce "ai na faɗa miki" ba, kuma wannan ya ƙara masa daraja a idona. Sauran biyun ma sun bushe a hannunsa. Ya nuna mini filawo, wanda wasu ke sayarwa da sunan pin, ya tsinke ganye ɗaya gaɓa-gaɓa don in ga ba dangi ɗaya ba ne, ya ce shi yana jure zafi amma dogo yake zama, tsakar gidana ba za ta ɗauke shi ba.

Inda nake da ƙorafi: bai kamata ya jera abin da ya san ba zai rayu ba a sahun gaba, inda ido ke fara sauka. Amma dashen da ya raina da hannunsa, lalle, lemun tsami, gwaiba, duk lafiyayyu ne, ƙasarsu haɗin taki da rairayi mai kyau. Iccen kariya na ɗauko a jikka ɗaya da rabi. Sau ɗaya a sati nake ba ta ruwa, kuma shekaranjiya ta buɗe fure huɗu.