Kayan Ɗakin Auta da Iyakoki Uku

Assalamu alaikum Hajiya, da Baba, da duk mutanen gida. Muna lafiya a Nima, unguwarmu a nan Akra ta ƙasar Gana, yara suna gaishe ku, maigidan ma yana miƙa gaisuwarsa.

Jerin kayan ɗakin Auta ya iso, mun zauna mun duba shi ni da maigidan. Ku yi haƙuri da abin da zan faɗa, Hajiya: fiye da rabin abin da aka rubuta bai kamata ya bar Kano ba. Na san maganar da dangi za su yi, a ce an kai yarinya wata ƙasa hannu rabbana. Ɗaki kam za a yi mata, na gani na faɗa in sha Allah, amma a nan za a haɗa shi. Bari in yi muku bayanin dalili.

Daga Legas zuwa Akra bai kai kilomita 500 ba, ko rabin tafiyar Kano zuwa Legas bai cika ba. Sai dai iyaka uku ce a tsakani: Seme tsakaninmu da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflao da take manne da birnin Lome, inda ake shigowa Gana. Mutum da fasfonsa na ECOWAS da katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawar nan, zai shigo ba biza ya zauna har kwana 90. Katin nan kada a yi wasa da shi, duk wadda za ta rako amarya ta je a yi mata allurar tun yanzu, don sai ta kwana 10 kafin a amince da ita. Wannan na mutum ke nan. Kaya kuwa a kowace iyaka ana iya cewa a sauke a buɗe, ban da shingayen da ke tsakani, kuma kowane shinge da irin buƙatarsa.

Na ji Kawu yana cewa ai ƙasashen ECOWAS ba a biyan kuɗin fito a tsakaninsu. Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Rangwamen na abin da aka noma ne, ko aka kiwata, ko aka yi da hannu a cikin yankin, sai kayan masana'antar da aka yi wa rajista suke da takardar shaidar asali. Firjin da aka ƙera a Sin aka saya a Sabon Gari, a idon kwastan na Aflao kayan Sin ne, ko da an biya masa fito a Apapa. Haka atamfar Kantin Kwari da yawancinta daga can take zuwa. Jadawalin fito ɗaya muke amfani da shi da su, Gana ta shiga cikinsa a 2016, matakinsa biyar: sifili, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin 100. Kayan amfanin gida da aka gama ƙerawa galibi a kashi 20 suke faɗawa. A kan wannan sai a ɗora VAT kashi 15, da harajin inshorar lafiya kashi 2.5, da na asusun ilimi kashi 2.5, da ƙananan da ke biye kamar na ECOWAS rabin kashi ɗaya. Kuma ba kuɗin sayen kaɗai ake lissafawa ba, har da na dako da inshora. Rasit ma ba lallai su tsaya a kansa ba, suna da nasu ƙiyasin. Duk da haka a adana kowane rasit, ya fi a tsaya ana rantsuwa.

Akwai sassauci ga kayan da mutum ya riga ya yi amfani da su, tufafinsa da tarkacen gidansa. To kayan amarya darajarsu a sabuntarsu take, komai cikin kwalinsa da ledarsa. Jami'in da ya buɗe akwati ya ga turmin atamfa ashirin ba a ɗinka ba, da kula dozin biyu iri ɗaya, ba lefe zai gani ba, haja zai gani. Atamfa ma musamman suna sa mata ido, saboda suna kare masaƙunsu irin su GTP da Akosombo, kuma suna ƙwace wadda aka kwaikwayi zanensu. Don haka abin da za a ɗinka a ɗinka shi a gida. Dama telolin Kano sun fi na nan iya aikin wuya da surfani, wannan ban yarda a yi min gardama a kai ba.

Kada kuma a ce to a ba ta tsohon firjin ɗakin Baba don a kauce wa fito. Tun 2013 Gana ta hana shigo da firji da na'urar sanyaya ɗaki na hannu, ana kama su a tashar jiragen ruwa ta Tema. Tsohuwar katifa ma haramtacciya ce. Sabon firji a nan yana zuwa da takardar hukumar makamashi manne a ƙofarsa, mai taurari, yawan taurarin ƙarancin shan wutarsa, kuma idan ya lalace akwai shagon da za a koma da takardar garanti. Wanda aka saya a Kano ya mutu a Akra, wa za a kama? Bakin soket ɗinsu iri ɗaya ne da namu, mai ƙafa uku, don haka dutsen guga da na'urar markaɗen da ƙawayenta suka ba ta za su yi aiki.

Janareta a cire shi daga jerin. Ana ɗauke wuta a nan, sun ma sha wahalarta sosai wajen 2015, amma yanzu a unguwarmu sai a yi kwanaki ba ta ƙifta ba. Mita ce ta katin biya-kafin-sha, ana loda ta daga waya. Kuɗin wutar ne da zafi. A gidan haya irin na Nima da Mamobi, inda ɗaki yake jikin ɗaki, wanda ya tayar da janareta da dare zai ji daga maƙwabta kafin asuba.

Gado da kujeru da sif, Hajiya, ƙasar katako ce fa. Itacen odum da mahogani a dajinsu suke, kafintoci kuma ga su a Akra, ga na Sokoban a Kumasi. Katifa akwai Latex Foam da Ashfoam, a nan ake yin su. A ɗauko gado daga Kano a ƙetara da shi ƙasa huɗu, ya iso da karyayyar ƙafa, an biya mota an biya ejan, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Babban kaya dole sai ta hannun ejan mai lasisi, shi zai shigar da bayanin a manhajar kwastan da suke kira ICUMS, wadda suka koma kanta a 2020, a fitar da takardar abin da za a biya, a kai banki. Abin da na yaba musu ke nan, kuɗin da yawa amma a rubuce yake, da rasit. Wanda ya ce ku ba shi a hannu zai san yadda zai yi, a bar shi da wayonsa.

Gara kuma, shinkafa da mai da taliya da sukari duk a saya a nan. Gero, dawa, wake, kuka, busasshiyar kuɓewa, kanwa, citta da kanumfari, ranar Laraba kasuwar Nima cika take da su, kuma da Hausa za a yi ciniki daga farko har ƙarshe. Albasa daga Nijar ake kawo ta. Tsada dai akwai, ba na ɓoye muku, abincin Akra ya fi na Kano cin kuɗi nesa ba kusa ba. Abin da nake so a cika jaka da shi shi ne wanda na nan bai kama ƙafarsa ba: daddawar gida, yajin da Inna take dakawa, turaren wuta da humra na mutanen Maiduguri, lalle, takalman fata, huluna na ango da 'yan'uwansa, da rinin Ƙofar Mata. Yawancin waɗannan aikin hannu ne, ba su da rigima, nauyinsu kuma kaɗan.

Inda ake samun tsaiko shi ne abin da ke shiga jiki. Kilishi da man shanu a ƙarƙashin likitocin dabbobi suke, hatsi da iri kuma na jami'an kula da tsirrai ne. Ɗan na ci a gida a naɗe shi da tsabta, a nuna idan an tambaya. Magani ya fi tsanani. Hukumarsu ta FDA, wadda take kamar NAFDAC ɗinmu, ta tashar Tema da filin jirgin Akra kaɗai ta yarda a shigo da magunguna na sayarwa, ban da iyakar ƙasa. Wanda likita ya rubuta wa mutum ya taho da shi cikin kwalinsa da takardar likitan. Ina roƙon gwaggonni su rage ƙulle-ƙullen gyaran amarya, garin da ba suna cikin leda da tsumi a gorar lemo, don jami'in da bai san su ba ba shi da hanyar gane mene ne, kuma ba na so a tsayar da Auta a gaban surukai ana tambayarta amfaninsu. Man bilicin mai sinadarin haidirokwinon an hana shi tun 2016, ni kuwa da a gida ma an hana kowa shafa shi da na fi murna.

Sai maganar magen Auta, da na ji ta ce ba za ta tafi ta bar ta ba. Ana iya kawo ta, amma takardunta sun fi na uwar ɗakinta yawa. Da farko sai an nemi izinin shigo da ita daga hukumar likitocin dabbobi ta Gana, da ke ƙarƙashin ma'aikatar abinci da noma, kuma kafin a taso ake karɓarsa, ba a bakin iyaka ba. Wannan ango zai iya yi daga nan. Sai allurar haukan kare, wadda ake so ta kai wata guda da yi kuma ba ta wuce shekara ba, da katinta. Sai takardar lafiya daga likitan gwamnati ana saura 'yan kwanaki tafiya, da takardar fita daga hukumar NAQS ta wajenmu, mai kula da shige da ficen dabbobi da tsirrai. Yana da kyau a saka mata 'yar na'urar nan mai lamba da ake cusawa ƙarƙashin fata, don a san katin nata ne. Ta mota ban ba da shawara ba, Benin da Togo ma kowa zai nemi nasa, ga zafi ga tsayuwa. Ta jirgi daga Legas awa ɗaya ce, cikin keji irin wanda kamfanin jirgin ya yarda da shi, kuma sai an sanar da su tun wajen sayen tikiti. In ta iso ba ta rasa kulawa, akwai asibitin dabbobi na gwamnati a unguwar La, ga masu zaman kansu, ga abincin mage na gwangwani a manyan kantuna da kuɗin da zai ciyar da yaro. Kafin duk wannan dai a tambayi ango ko mai gidan hayar ya yarda da dabba.

Akun Baba da yake son bai wa mahaifin ango, Allah ya saka da alheri, amma a bar shi a kejinsa. Aku mai toka da jan wutsiya yana cikin jerin farko na yarjejeniyar CITES tun Janairun 2017, jerin dabbobin da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe idan daga daji aka kamo su. Ko na gida ne sai da izinin hukumomin namun daji na ƙasashen biyu, kuma sai an nuna inda aka samo shi. Wanda aka saya a kasuwa shekarun baya wace takarda gare shi? Gana ta yi asarar sama da kashi 90 cikin 100 na irin wannan tsuntsu a dazukanta daga 1992, don haka ba sa ɗaukar maganarsa da sauƙi. Za a ƙwace shi, a kuma riƙe wanda ya ɗauko. Tattabaru da kaji ma a manta da su saboda dokokin murar tsuntsaye. In rago ake so a yi kyautar da shi, kasuwar dabbobi ta Tulaku tana Ashaiman, kusa da Tema, manyan raguna daga Burkina da Mali da Nijar suna sauka ta iyakar Paga. Ya fi na Wudil tsada, amma a tsaye za a kai shi ƙofar gida.

Kuɗi, duk abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsa sai an bayyana shi a fita da shiga. Mu ba mu kai nan ba, amma sarƙoƙin gwal ta sa a jikinta ko a jakar hannu tare da rasit. A nan kusan komai da MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ake biya, har mai kayan miya, sai dai layin waya ba ya rajista sai da katin ɗan ƙasa, baƙon da ya zo zama kuma nasa katin daban ne, dala 120 karon farko. A gaya wa masu rakiya su lura da lissafin kasuwa: tun 2007 aka cire sifili huɗu daga kuɗinsu, sidi, amma har yau tsofaffi in sun ce miliyan ɗaya, sidi 100 suke nufi.

Ango ya turo awon ɗakin da falon, na kai wa kafinta ranar Asabar. Ku sanar da ni launin da Auta take so na kujeru da labule, da adadin matan da za su rako ta don a san masauki. Magen kuma a kai ta allura cikin makon nan, a ɗauki hoton katin a turo, da shi za a nemi izinin.

A gaida Inna da jiki, a gaida su Gwaggo.