Kwana uku a kan babur cikin rairayin Yusufari

Shekara goma sha biyu ke nan ina hawan babur a Kaduna, daga gida a Unguwar Dosa zuwa shago a Kasuwar Barci, safe da yamma. Amma sai a watan Janairun da ya wuce na san cewa tuƙin kwalta daban, tuƙin rairayi daban. Mu huɗu ne muka haɗa kuɗi muka biya wani mai shirya yawon hamada ya kai mu tuddan rairayin Yusufari, a arewacin Jihar Yobe, dab da iyakar Nijar. Tun da na dawo ake tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu.

Yarjejeniyar ita ce mu kai kanmu Gashuwa, shi kuma ya tanadi babura, mai, abinci, wurin kwana, jagora da motar rakiya. Mun bar tashar Kawo bayan sallar asuba, muka bi ta Zariya, Kano, Haɗeja da Nguru, ba mu isa ba sai dare.

Da safe da na ga baburan, raina bai so ba. Na sa ran irin manyan nan da ake gani a tseren hamada na Dakar, sai ga ƙanana masu inji 150, an dai sa musu tayoyi masu manyan haƙora. Kafin azahar na janye ƙorafina. Manyan baburan yawon duniya suna haura kilo 200, kuma a rairayi faɗuwa dole ce. Ƙaramin nan in ya kwanta kai kaɗai za ka ɗaga shi, in ya nutse ka sauka ka tura.

Abin da ya fi komai daraja a tafiyar shi ne jagoran, wani dattijo ɗan ƙabilar Manga da ya tashi yana kiwon raƙuma a yankin. Baba muke ce masa. Inda ƙasa mai tauri ta ƙare ya tsayar da mu, ya zaro tsinken ashana, ya durƙusa yana rage wa kowace taya iska, yana danna ta da babban yatsa har sai ta yi masa. Na ce, "Baba, ba za su lalace ba?" Ya ce, "Ɗana, dubi tafin raƙumi. Faɗinsa ne ke hana shi nutsewa." Daga nan ya koya mana sauran: a zauna a giya biyu, a riƙe totur ba ƙari ba ragi, a ja jiki baya don tayar gaba ta yi sauƙi, ido a can nesa, kuma kada hannu ya kusanci birkin gaba.

Wannan na ƙarshen ne ya kayar da ni. A gangaren wani tudu kan babur ya fara rawa, hannuna ya yi abin da ya saba yi a cunkoson Kawo, ya damƙe birki. Tayar gaba ta nutse, na faɗi, salansar babur mai zafi ta kwanta mini a ƙwauri. Har yau tabon yana nan.

Baba yana karanta tudu kamar mai karanta allo. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, saboda haka wannan gefen a daddale yake, ta nan ake hawa. Ɗaya gefen kuwa rairayinsa kamar gari yake, ga tsayi, ga santsi. Kullum sai ya tsaya a ƙoli ya leƙa kafin ya yafito mu. Yana kuma tashinmu da sassafe, tun rairayin yana da sanyi da ɗan ƙarfi, in rana ta take sai a nemi inuwa. Duk ƙauyen da muka shiga, sai ya fara kai mu mun gaida bulama, wato mai gari. A wurin da waya ba ta kamawa, wannan gaisuwar ita ce tsaronka.

Ranar ta biyu muka sauka dausayin Bulatura, wanda ke cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi. Bayan awanni ba ka ganin komai sai jan rairayi da hazo, kwatsam sai ga kwari shar da goruba da dabino, ga ruwa kwance, gefensa fari fat da kanwa. Muka kashe injina, shiru ya sauka, ba ka jin komai sai ƙarar ganyen goruba. Na yi alwala a wurin hannuna yana rawa don gajiya, zuciyata cike da tasbihi. Wani manomi ya nuna mana inda gonar mahaifinsa take a da, yanzu tudu ne a kanta. Kwararowar hamada da muke ji a rediyo a Kaduna, a nan na gan ta da idona.

Sai dai akwai inda mai shirin ya gaza, kuma ba ƙaramar gazawa ba. Motar rakiyar da ya yi alkawari ba ta zo ba, wai ta lalace. Jarka biyu ta ruwa aka ɗaura mana mu biyar, kafin la'asar ɗin rana ta biyu mun koma kurɓa da murfi, har sai da Baba ya kauce hanya ya kai mu wata rijiyar Fulani. Babu akwatin magani, ƙunata da rawanin abokina aka ɗaure ta. Hulunan kwanon sun tsufa, ɗaya ma igiyarta a tsinke. Babur ɗaya ya mutu a hanya saboda matatar iskarsa ta toshe da ƙura, alamar ba a duba ta ba kafin a ba mu. Baba ne ya kwance ta ya kakkaɓe. A hamada irin wannan sakaci yana iya cin rai.

Da na dawo Kaduna na kira mai shirin na faɗa masa duk wannan ba ɓoye-ɓoye, ya kuma karɓi laifinsa. Na roƙe shi ya ƙara wa Baba abin da yake ba shi. Na ce masa hunturu mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan koma da ƙanena, da hular kwanona da takalmi mai rufe ƙwauri, amma bisa sharaɗi biyu: in ga motar rakiya da idona a Gashuwa kafin mu tashi, kuma Baba ne zai ja mu.