Garin ƙarin kuzari ko kofi da kiriyatin: wanne ya fi wa mai ɗaga ƙarfe?

Ɗan'uwa, ka ce nauyinka kilo 70 ne, kana ɗaga ƙarfe bayan la'asar, kuma kana so ka san ko ka sayi robar garin nan na sha kafin atisaye da ake rubuta wa pre-workout, ko kofi da kiriyatin (sinadarin da ake sha don ƙara wa tsoka ƙarfi) sun ishe ka.

Abin da ke zaburar da mutum a garin nan kafeyin ne, shi ne dai wanda ke cikin kofi da goro. Ma'aunin da aka fi gwadawa miligiram 3 zuwa 6 ne ga kowane kilo na nauyin jiki, a sha minti 30 zuwa 60 kafin a fara. Kai ke nan wajen 210 ya wadatar. Ludayi ɗaya na garin yakan ɗauki 150 zuwa 300, kofin Nescafe kuwa wajen 60 zuwa 80, gwargwadon yadda ka cika cokali, sai ka sha biyu ko uku. Garin ya fi sauƙin lissafi, kofi ya fi araha nesa ba kusa ba. Ko wanne ka ɗauka, kada jimlar rana ta wuce 400, har da shayi da lemon kuzari. Ka kuma lura da lokacinka: rabin kafeyin yana nan a jini bayan kusan awa 5. In ka sha 300 da ƙarfe 5 na yamma, da 150 za ka kwanta ƙarfe 10, alhali tsoka a barci take gyaruwa.

Inda mai saye ke tafka asara shi ne sauran sinadaran. Kiriyatin ba ya aiki nan take, taruwa yake yi a tsoka. Ana shan giram 3 zuwa 5 kullum, har ranar hutu, sai bayan mako 3 zuwa 4 yake cika. Garin da kake sha ranar atisaye kawai, wanda sau da yawa ɗan kaɗan aka barbaɗa masa, ba zai kai ka can ba. Haka beta-alanin, wani sinadarin da ake sawa a garin: ana buƙatar giram 3.2 zuwa 6.4 kullum na aƙalla mako 4, kuma amfaninsa ya fi fitowa a aiki mai tsanani na minti 1 zuwa 4. Ƙaiƙayin fuska da hannu da yake sawa ba alamar ƙarfi ya shigo ba ce, jijiyoyin fata ne ya taɓa. Sitirulin kuma, shi ma sinadari ne na cikin garin, sai ya kai giram 6 zuwa 8 kafin a sa ran amfaninsa.

Don haka juya robar ka karanta. In an rubuta proprietary blend ba a faɗi nauyin kowane sinadari ba, ajiye ta. Duba lambar NAFDAC. In ka ga sinadarin zaburarwa da ake kira DMAA, guje shi: yana ɗaga hawan jini, kuma WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari a wasanni, ta haramta shi a gasa.

Mu dai a ganinmu, kofi da kiriyatin zalla, wanda aka rubuta wa monohydrate, sun fi maka. In ka nace sai garin, fara da rabin ludayi a dama cikin ruwa rabin lita, kada ka afa shi busasshe, yana shaƙe mutum. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa sai likita ya amince tukuna.