Sharhi Kan Katin Memori Mai Tarihin Yusuf Islam da Ake Sayarwa a Wunti

A cikin shagunan da ke tura waƙoƙi, fina-finai da karatuttukan malamai a waya a kewayen kasuwar Wunti da ke Bauchi, akwai wanda ya fito da wata haja da ba a saba gani ba, wato katin memori mai ɗauke da tarihin Yusuf Islam, mawaƙin rok ɗin nan na Ingila da duniya ta fara sani da sunan Cat Stevens, an karanta shi da Hausa kashi-kashi. Mai saye yana da zaɓi biyu, ko dai ya karɓi katin da aka riga aka cika, ko kuwa ya miƙa wayarsa a tura masa, wanda shi ne ya fi araha. Na saurari shirin daga farko har ƙarshe, kuma a ganina ya cancanci kuɗinsa, domin ya yi abin da masu ba da labarin wannan bawan Allah a wurinmu ba su cika yi ba: ya tsaya a kan gidan da aka haife shi da mutanen da suka rene shi. Sai dai akwai inda ya gaza, kuma gazawar ba ƙarama ba ce.

Abin da akasarinmu muka sani game da Yusuf Islam bai wuce biyu ba. Mun san waƙar nan ta koyar da haruffan Larabci da ya yi wa 'yarsa, wadda 'yan Islamiyya ke rerawa a ranar saukar karatu, kuma mun san labarin igiyar ruwa da ta kusa halaka shi a teku. Wannan shiri bai fara da ko ɗaya daga cikinsu ba. Ya fara ne da gidan abinci mai suna Moulin Rouge da ke titin Shaftesbury a tsakiyar Landan, inda mahaifinsa Stavros Georgiou, Bagirke ɗan tsibirin Saifurus, da mahaifiyarsa Ingrid Wickman, 'yar ƙasar Suwidin, suke sana'a, iyalin kuma suna zaune a saman benen. An haife shi ranar 21 ga Yuli, 1948, aka raɗa masa suna Steven Demetre Georgiou, kuma shi ne auta, yana bin yayarsa Anita da yayansa David. Mai karatun ya ɗauki lokaci yana kwatanta yadda yaran gidan duka suke taya aiki, suna kai wa baƙi abinci suna kwashe kwanuka, da yadda unguwar take cike da gidajen wasan kwaikwayo, ga kuma titin Denmark a kusa, wanda a lokacin shi ne matattarar masu harkar waƙa a Ingila. Duk wanda ya tashi a gidan sana'a, inda ɗaki da wurin ciniki suke haɗe, zai gane irin wannan yarinta ba tare da dogon bayani ba, kuma daga nan mai sauraro zai fahimci cewa kiɗa bai faɗo wa yaron daga sama ba, a ƙofar gidansu ya same shi.

Kashin da ya fi burge ni shi ne wanda ya yi bayanin addini a wannan gida. Uban yana bin cocin Otodoks na Girkawa, uwar ta fito daga ɗariƙar Baftis, yaron kuma aka sa shi a makarantar firamare ta Katolika mai suna St Joseph saboda ita ce kusa da gida. Ke nan tun yana ƙarami ya ga hanyoyi uku na Kiristanci, kowace da irin ibadarta. Shirin ya ƙara da wani bayani da ban zaci zan ji ba, cewa Saifurus tsibiri ne da Girkawa da Turkawa suka daɗe suna jayayya a kansa, cewa ya kasance ƙarƙashin mulkin Ingila har zuwa 1960, shekarar da mu ma muka samu 'yancin kai, kuma ya rabe gida biyu a 1974. Amfanin wannan bayani a fili yake. Yaron da ubansa Bagirken Saifurus ne ba ya tashi yana jin ana yabon Turkawa, kuma a idon mutanen wancan gida Turkawa su ne fuskar Musulunci. Wanda bai san wannan ba, ba zai iya auna nisan tafiyar da mutumin ya yi ba. Na yaba wa wanda ya rubuta shirin da ya kawo wannan magana cikin natsuwa, bai zagi kowa ba, bai kuma mayar da iyayen abin tausayi ko abin ƙyama ba.

Haka nan bai ɓoye mutuwar auren iyayen ba, wadda ta faru yaron yana ɗan kimanin shekara 8, ko da yake sun ci gaba da gudanar da gidan abincin tare. Mahaifiyarsa ta tafi da shi garin Gävle na Suwidin na ɗan lokaci, inda ya shaƙu da kawunsa Hugo Wickman, mai sana'ar zane. Daga wurin wannan kawu ne son zane ya kama shi, har daga baya ya shiga makarantar koyon zane ta Hammersmith da ke Landan, kuma shi da hannunsa ya zana bangon wasu daga cikin fayafayansa da suka fi shahara. Fiyano kuwa a gida ya same ta, ya koya wa kansa, sannan yana ɗan shekara 15 ya lallashi mahaifinsa ya saya masa jita ta fam 8. Na ji daɗin yadda mai karatun ya tsaya a kan wannan jita, domin uba mai sayar da abinci da ya cire kuɗi daga cinikinsa ya saya wa autansa abin da yake so, uba ne mai ƙauna, kuma ya kamata a faɗi haka.

Shekarun shahara an bi su da sauri, kuma ban ga laifin hakan ba. An ambaci fitowar waƙoƙinsa na farko a 1966 da 1967 tun bai kai shekara 20 ba, da tarin fuka da ya kwantar da shi wata da watanni a wani asibiti da ke garin Midhurst na Ingila a ƙarshen shekarun 1960, da yadda jinyar ta sa shi karance-karance kan addinai da tunanin mutuwa, da kuma dawowarsa da wani salon waƙa mai taushi wanda ya sayar da miliyoyin fayafayai a farkon shekarun 1970. Wanda yake son jerin waƙoƙi da lambobin yabo zai same su a intanet cikin sauƙi.

Inda shirin ya kai matuƙa shi ne labarin yayansa David. A wa'azuzzuka da yawa da na ji, ana ba da labarin musuluntar Yusuf kamar a cikin ruwa ta faru, wato ya shiga iyo a gaɓar Malibu ta jihar Kalifoniya a tsakiyar shekarun 1970, ruwa ya ja shi, ya roƙi Allah ya cece shi tare da alkawarin zai yi masa hidima, igiya ta turo shi bakin gaɓa, shi ke nan. Wannan ya faru, shi da kansa ya sha faɗa, amma bai fito daga ruwan yana Musulmi ba. Abin da ya biyo baya shi ne yayansa, wanda a lokacin ba Musulmi ba ne, ya je Birnin Ƙudus ya dawo masa da tsarabar fassarar Alƙur'ani. Ƙanen ya zauna yana karantawa shi kaɗai na tsawon lokaci, ƙissar Annabi Yusuf ta ratsa shi, musamman yadda aka sayar da shi a kasuwa, domin haka yake jin ana yi da shi a harkar waƙa. Ya karɓi Musulunci ranar 23 ga Disamba, 1977, ya ɗauki sunan Yusuf Islam a 1978, shekarar da mahaifinsa ya rasu. Shirin ya ba wannan kyauta ta ɗan'uwa kashi guda cikakke, kuma ina ganin a nan darajarsa take ga mutanen jiharmu. A Yelwa, a Dass, a Tafawa Ɓalewa, akwai gidajen da wa yake zuwa coci ƙane yake zuwa masallaci, wasu suna zaman lafiya, wasu zumuncinsu ya yi rauni. Labarin ɗan'uwan da ya san abin da ƙanensa yake nema, ya ɗauko masa littafin addinin da shi kansa ba ya bi, labari ne da irin waɗannan gidaje suke da buƙatar ji, kowane ɓangare.

Matsalar tana kashi na ƙarshe. Shirin ya kawo aurensa da Fauzia Mubarak Ali a babban masallacin Landan da ke Regent's Park ranar 7 ga Satumba, 1979, ya kawo wasansa na bankwana a Wembley da ke Landan a watan Nuwamba na shekarar, da gwanjon kayan kiɗansa domin sadaka, da kafa makarantar firamare ta Islamia a Landan a 1983, wadda a 1998 ta shiga sahun farko na makarantun Musulmi da gwamnatin Ingila ta fara ɗaukar nauyinsu. Duk wannan daidai ne. Amma daga nan sai mai karatun ya rufe da cewa tun daga lokacin bai sake taɓa jita ba, kuma wannan ba gaskiya ba ne. Bayan fiye da shekara 20, ɗansa ya shigo da jita cikin gida, uban ya ɗauka ya kaɗa, a 2006 ya fitar da sabon faifai da kayan kiɗa, a 2014 aka shigar da shi zauren karrama mawaƙan rok na Amurka, kuma ya ci gaba da hawa dandamali. Na san dalilin da zai sa a tsallake wannan. Hukuncin kiɗa magana ce da malamai suka yi saɓani a kanta, kuma da yawa daga cikin masu sayen katin suna ɓangaren da ke ganin haramci. To amma mai ba da tarihi ba mai ba da fatawa ba ne, aikinsa ya faɗi abin da ya faru, ya bar wa mai sauraro ya kai tambayarsa wurin malaminsa. Matashin da ya saurari shirin yau, gobe ya buɗe YouTube ya ga dattijon da farin gemunsa rungume da jita, zai fara shakkar duk sauran abin da aka gaya masa, har da na gaskiyar. Abin takaicin kuma shi ne wannan ɓangare ma labarin iyali ne, tunda uba ne ya saya masa jitar farko, ɗa ne kuma ya dawo masa da ita, ga shi shirin da ya ginu a kan iyali ya bar shi. Haka kuma ba a ce komai ba game da abin da ya same shi a watan Satumba na 2004, lokacin da aka karkatar da jirgin da yake ciki zuwa Bangor ta jihar Maine aka hana shi shiga Amurka.

Ta fuskar karatu, muryar mai gabatarwa tana da daɗi, Hausarsa tsaftatacciya ce irin ta gidan rediyo, ba ya gaggawa, kuma ya yi ƙoƙari wajen furta sunayen Girkanci da na Suwidin, yana maimaita su har su zauna a kunne. Abin da ya rage masa armashi shi ne sautin baiti da aka shimfiɗa a ƙarƙashin maganar, wanda a wasu wurare yake danne muryar, musamman idan a mota ake sauraro. A kan hanyar Azare ko ta Gombe, inda ƙarar inji da iska suke, dole sai an ƙure sauti kafin a ji. Da an rage shi, ko an cire shi gaba ɗaya, da babu abin da aka rasa.

Hidimar shagon kuwa tana da yabo da gyara. Matashin da ke kan kwamfuta yana da ladabi da haƙuri, yana kunna wa mutum kashi na farko ya ji kafin ya biya. Da na nuna masa cewa an jera kashe-kashen ba bisa tsari ba, har waya takan tsallaka daga yarinta zuwa aure, sai ya ce, "Malam, a yi haƙuri, a ba ni in sake musu lamba," ya kuma gyara nan take ba tare da neman ƙarin kuɗi ba. Amma wannan gyara ne da ya kamata a yi a kan kwamfutar sau ɗaya, ba sai kowane mai saye ya dawo ba, kuma akwai masu zuwa daga Ningi ko Misau da ba za su iya dawowa ba. Katunan da aka riga aka cika ba masu inganci ba ne, irin waɗanda ke saurin lalacewa ne, don haka shawarata ita ce mutum ya je da nasa katin ko a tura masa kai tsaye a waya. Akwai kuma abin da ya dame ni fiye da waɗannan: babu sunan wanda ya rubuta shirin ko wanda ya karanta shi, ba a cikin sautin ba, ba a jikin fayil ba. Mutum ya yi bincike, ya zauna ya fassara, ya ɗauki murya, haƙƙinsa ne a san shi, kuma haƙƙinsa ne wani abu daga cinikin ya kai gare shi. Rashin sunan ya sa kuma babu wanda za a tunkara a ce ya gyara kuskuren da ke kashin ƙarshe.

Ina ba da shawarar wannan kati ga malaman Islamiyya da ke koya wa yara waƙarsa ba tare da sun san ko shi wane ne ba, ga direbobi masu doguwar tafiya, da kuma iyayen da ke son abin sauraro mai amfani a gida bayan sallar isha'i. Wanda ya saya ya amince da abin da aka faɗa daga 1948 zuwa 1998, domin na same shi daidai da abin da aka sani na tarihin mutumin, amma ya gaya wa yaransa cewa labarin bai tsaya inda mai karatun ya tsayar da shi ba. Idan masu shagon suna da hanyar kaiwa ga wanda ya shirya shi, roƙona gare su shi ne su nemi ya ƙara kashi ɗaya da zai fara daga 2004, ya rage sautin baitin, ya kuma faɗi sunansa a farkon shirin.